Farantin da ke yin ƙanƙara ba zai ceci kwamfutocin lakwal ba

Duk shekara, da zarar Afrilu ta kama, maganar kwamfutocin lakwal sai ta dawo gaban kwamitin iyaye da malamai. Makarantun da suka yi sa'ar samun ɗakin kwamfuta, na gwamnati ne ko na kuɗi, kukansu ɗaya ne. Na'ura tana cikin aiki sai ta fara jan ƙafa, fankar cikinta ta riƙa gurnani, can kuma ta ɗauke da kanta, a bar yaro yana kallon baƙin gilashi. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, zafin wannan lokaci yakan haura digiri 40, wata rana ya taɓa 45, alhali masu ƙera kwamfutocin ofis galibi suna rubutawa a takardarsu cewa kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35. Damuwar ta gaskiya ce, ba ƙorafin banza ba ne.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne wani magani da ya fara shiga bakin mutane. Da yawanmu mun ga bidiyonsa a salula: ɗan farin faranti mai kusurwa huɗu, da waya ja da baƙa, a jona shi da batir, a ɗiga masa ruwa, kafin a jima ruwan ya daskare. Babu gas, babu injin da ke juyawa, babu ƙara. Sai mai magana ya ce, abin da ya iya daskarar da ruwa, ina ga furosesar kwamfuta? A wani zaman kwamiti da na halarta, wani mai gyara ya kawo shawarar a saya wa kowace kwamfuta guda ɗaya, kuma na ga iyaye suna gyaɗa kai, domin farantin ba shi da tsada kuma abin da suka gani da idonsu ya burge su.

Ra'ayina shi ne kada a fitar da ko dala daga asusun iyaye don a liƙa wannan faranti a cikin kwamfutocin lakwal. Amma a sayi biyu ko uku a kai su ajin kimiyya. Zan faɗi dalilin duka biyun.

Sunan abin farantin Peltier. Jean Peltier Bafaranshe ne, mai gyaran agogo da ya koma binciken kimiyya. A 1834 ya lura cewa idan kuran ya ratsa mahaɗar ƙarafa biyu da ba iri ɗaya ba, mahaɗar takan yi sanyi ko ta yi zafi, gwargwadon inda kuran ya nufa. A 1838 wani masani a Rasha, Emil Lenz, ya daskarar da ɗigon ruwa a kan irin wannan mahaɗa, da ya juya wayoyin kuma sai ƙanƙarar ta narke. Wato abin da ake nuna mana yau a salula a matsayin sabon abu ya kusa shekara ɗari biyu. An daɗe ba a ci moriyarsa ba, sai a shekarun 1950 da aka gano cewa wani haɗi na bismut da teluriyum ya fi ƙarafan da aka saba aiki nesa ba kusa ba. Da shi ake yin farantin har yau.

Wanda ya fi yawa a kasuwa yana ɗauke da lamba TEC1-12706. Faɗinsa santimita 4, tsawonsa santimita 4. Idan aka fasa shi za a ga ƴan ƙananan dunƙule jere a tsakanin fale-falen tangaran guda biyu. Lambar ma tana magana: 127 adadin tagwayen dunƙulen ne, 06 kuma amfa 6, iyakar kuran da zai ɗauka. A bolt 12 yakan sha kimanin wat 60.

Ga inda ruɗin yake. Farantin ba ya ƙera sanyi. Babu na'urar da ke ƙera sanyi, har firigon gidanmu. Abin da suke yi duka shi ne su kwashe zafi daga nan su zuba shi can. Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firigo ya san inda zafin yake zuwa. Farantin Peltier ma haka: fuska ɗaya tana sanyi saboda ɗaya fuskar tana ƙuna, kuma tsakaninsu bai kai kaurin ɗan yatsa ba. A bidiyon, fuskar da ke ƙuna tana ƙasa, a manne da ƙaton ƙarfe da fanka, ba ita ake haska mana ba.

Ina kwatanta wa ɗalibaina shi da mai kwashe ruwan sama daga ɗaki da bokiti. Na farko, yana kwasa, wannan gaskiya ne. Na biyu, bokitin yana yoyo, ruwan da ya fitar yana komowa ta ƙarƙashin ƙofa, kuma yawan tudun ruwan da ya tara a waje, yawan komowarsa. Haka zafi yake komowa ta jikin dunƙulen daga fuska mai zafi zuwa mai sanyi. Na uku, kuma wannan ne mafi muni, shi kansa mai kwasar yana ƙara nasa ruwan. Kuran da ke ratsa farantin yana haifar da nasa zafin, kamar yadda yake yi a dutsen guga. Idan ka ninka kuran sau biyu, zafin da ake kwashewa yakan ninku sau biyu, amma zafin da farantin ke haifarwa da kansa yakan ninku sau huɗu. Shi ya sa ƙara masa wuta ba ya fitar da kai.

Saboda waɗannan abubuwa uku, takardar farantin tana ɗauke da alƙawari biyu waɗanda ba a samun su tare. Zai iya raba fuskokinsa da tazarar digiri 65 zuwa 70, amma sai in babu wani zafi da aka ɗora masa. Zai iya kwashe zafi na wat 50 zuwa 60, amma a lokacin tazarar ta koma sifili, wato fuskar da ake kira mai sanyi zafinta ɗaya da ɗayar. Ɗigon ruwa ba kaya ba ne, shi ya sa yake daskarewa. Furosesa kuwa murhu ce da ba ta daina ci muddin kwamfuta na kunne. Ta kwamfutar tebur ta ofis an saba ƙiyasta ta a wat 65 in ana aiki da ita sosai. Kun ga ke nan faranti guda bai ma kai ya ɗauke nauyinta ba. Ranar da yara suka ɗora mata aiki mai nauyi, farantin ya tashi daga mai sanyaya ya koma bargo tsakanin furosesa da ƙarfen da ke shan zafinta. Haka kuma in wayar farantin ta tsinke ko abin ba shi wuta ya mutu alhali kwamfutar na ci gaba da aiki.

Mu ɗauka ma ya iya. Bari mu yi lissafin da ɗan CM2 zai iya yi a allo. Da, ƙarfen shan zafi da fankarsa suna fama da wat 65. Yanzu an ƙara musu wat 60 na farantin, ya zama 125. Ƙarfen bai ƙaru ba, fankar ita ce dai ta da. Ina zafin zai je? Cikin akwatin kwamfutar, daga nan cikin ɗakin. Ɗaki mai kwamfuta 20 ya samu ƙarin wat 1200, kamar a kunna dutsen guga a tsakiyar aji a bar shi tun safe, cikin watan Mayu, yara arba'in ko hamsin suna zaune. In ana aiki awa 5 a yini, kilowat-awa 6 ke nan kullum, a kwana 20 na karatu 120. Mitar NIGELEC ba ta san an yi don alheri ba. Makarantar da ke kan sola kuwa, sai ta ware faifai huɗu masu wat 300 don farantan kawai, wannan ma a lokacin da rana ta fi ƙarfi.

Kuma mu ba mutanen da kuran ya wadata ba ne. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, aka yi watanni ana rabon ta unguwa-unguwa. Ko yanzu, lokacin zafi ne lokacin da aka fi ɗauke ta. Hanyar sanyaya da ta fi kowace cin kuran a kan ɗan aikin da take yi, ita ce ta ƙarshe da ya kamata mu waiwaya. Firigo mai kwamfaresa yakan kwashe zafi ninki uku ko huɗu na abin da farantin zai kwashe da kuran iri ɗaya. Ba don haka ba, da tuni kamfanonin firigo sun watsar da gas da kwamfaresa.

Akwai wani abin da mai tallar farantin ba ya faɗi, wataƙila don shi ma bai yi tunaninsa ba. Furosesa ita ce ta fi kowa juriya a cikin akwatin nan. Na zamani suna iya kaiwa digiri 95 zuwa 100 kafin su kai iyakarsu, kuma in sun kusa sai su rage gudu da kansu, in abin ya ƙi su kashe kwamfutar don su tsira. Jan ƙafar da muke gani da ɗaukewar nan, kariya ce. Waɗanda zafi ke kashewa a hankali ba tare da sun yi kuka ba su ne akwatin rarraba wuta, da ƴan kondansatocin da ke kan allon na'ura, da faifan ajiya, da batiran ondila. Masu sana'ar lantarki suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10, rayuwar kondansato ta ragu da rabi, batirin dalma ma kusan haka. To farantin Peltier yana ƙoƙarin lallashin wadda ta iya kare kanta, yana hura wa marasa kariya iska mai zafi. An sayar da kare an sayi biri.

Sai maganar ruwa. Kowa ya ga yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi in an ajiye ta a tebur. Ruwan ba daga cikin gorar ya fito ba, laimar iska ce ta kwanta a jikin abu mai sanyi. Lokacin da furosesa ba ta aikin komai, misali yaro ya tashi ya bar kwamfuta a kunne, zafin da take fitarwa yakan faɗi ƙasa ƙwarai, farantin kuma yana nan yana ja da ƙarfinsa. A lokacin ne zai yi irin sanyin nan na bidiyo, a daidai wurin da ɗaruruwan ƙananan ƙafafun furosesa suke. A Maris, da iska take busasshiya, ana iya tsira. Amma daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, da iskar damina ta fara shigowa, da kuma Oktoba da ake komawa karatu laima ba ta gama janyewa ba, raɓa za ta kwanta a kan allon. Ruwa da ƙura da kuran in sun haɗu, mai gyara ma sai dai ya ce a sayi wani.

Wani zai ce ai ƙwararru suna yi. Gaskiya ne, kuma labarinsu ya fi kowace hujja tawa ƙarfi. A 2020 kamfanin Intel da kansa ya fito da tsarin sanyaya furosesa da farantin Peltier, tare da kamfanonin Cooler Master da EK. Ku dubi abin da suka haɗa masa kafin ya yi aiki: famfon ruwa, da ƙaton radiyato, da fankoki, da wata ƴar na'ura mai auna laimar iska don ta rage wa farantin ƙarfi kafin raɓa ta kwanta, da roba da ta rufe kewayen furosesa. Na Cooler Master shi kaɗai yana iya shan wat 200. An yi shi ne don masu gasar tura furosesa ta wuce gudun da aka ƙera ta da shi. Duk da haka masu gwaji sun ga cewa in aka ɗora wa furosesar aiki mai nauyi na tsawon lokaci, sanyaya ta ruwa ta yau da kullum ta fi shi. A 2023 Intel ya daina tsarin. Abin da mai ƙera furosesar ya gwada da kuɗinsa da injiniyoyinsa ya ajiye, shi ne za mu ɗauka da faranti guda da salatif?

Ban ce farantin ba shi da amfani ba. Yana da wurarensa, inda zafin da za a kwashe kaɗan ne, ko inda ake bukatar a tsayar da zafi daidai ba ƙari ba ragi. Na'urorin gwajin PCR na asibiti, waɗanda sunansu ya shiga kunnen kowa lokacin korona, da shi suke ɗumama samfur su sanyaya shi sau da yawa a jere. Da shi ake sanyaya idon kyamarar masu nazarin taurari, da fitilun leza na wayoyin intanet masu gilashi. Ƴan sanyaya salula da ake maƙalawa a bayanta ma suna ɗan taɓukawa, don salula wat kaɗan take fitarwa. Kwamfutar tebur a ɗakin kwano ba ta cikin wannan sahu.

To me za a yi da kuɗin? Amsar ba ta da armashi, shi ya sa ba a yi mata bidiyo. Yawancin kwamfutocin da na ga an buɗe a lakwal, abin da ke cikinsu ƙurar hunturu ce, ta toshe haƙarƙarin ƙarfen shan zafi har ta zama kamar auduga. Iska ba ta ratsawa, fanka tana juyawa a banza. Ƙarfe mai tsabta da fanka mai lafiya suna iya riƙe furosesar ofis ƙasa da iyakarta ko da ɗaki ya kai digiri 40, domin tsakanin 40 da 95 akwai fili. A buɗe akwatunan a hure su sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma kafin komawa karatu. A sauya man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfe, don yakan bushe ya tsattsage bayan ƴan shekaru. A sauya fankar da ta mutu. A ɗauke akwatunan daga ƙasa, a janye su daga jikin bango, a daina lulluɓe su da zane suna kunne. Rufe su da dare daidai ne, amma na sha ganin an bar zanen a kai ana aiki, wai don ƙura. Darasin kwamfuta kuma a mai da shi ƙarfe 8 na safe a watannin zafi. Wannan ba ya cin ko dala, diraktan lakwal ne kawai zai juya jadawali.

In za a sayi sababbi, a duba yawan kuran da suke sha kafin a duba girman akwati. Furosesar kwamfutar hannu da ta ƙananan akwatunan nan da yawa wat 15 ce. Raspberry Pi, wadda aka ƙera a Ingila musamman don koyar da yara, ba ta kai wat 10 ba in ba a ɗora mata wasu kaya ba. Zafin da ba a haifar ba, ba a neman inda za a kai shi. Yaron da ke koyon buga rubutu da lissafin jadawali ba ya bukatar na'urar masu haɗa fim.

Babban aikin kuwa a ɗakin yake. Kwanon da rana ta gasa tun hantsi yana zubo wa yara da na'urori zafi tare. Rufi na biyu a ƙarƙashin kwano, da tagogi masu fuskantar juna, da fankar sama, da bishiyar dogon yaro a gefen yamma, sun fi faranti ɗari. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Gando ta Burkina Faso, makarantar firamaren da Francis Kéré ya gina a 2001 tana da kwano da aka ɗaga sama da rufin tubalin ƙasa, iska na wucewa a tsakani. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Kuɗin da aka sa a rufi, yaro ma ya amfana, ba na'ura kaɗai ba. Ni dai ina jin nauyin a ce mun zauna muna shawarar yadda za a sanyaya ƙarfe mai faɗin santimita 4, alhali yaran da aka sayi ƙarfen dominsu suna jiƙe sharkaf da zufa, wasu ma a ajin zana suke.

Ga malamai ƴan uwana, musamman mu da muka fito daga ekol normal aka koya mana mu yi darasi da abin da hannu zai taɓa, farantin nan kyauta ce. Darasin zafi da lantarki mun saba yin sa da alli kawai. Ƙasar da jami'arta ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken zafin rana, bai kamata yaranta su san zafi a littafi kaɗai ba. Matasan nan masu gyara a kasuwa da ke gwada farantin su ma ba abin dariya ba ne. Son sani ne ya kai su, kuma a gayyato ɗaya ya taya malami haɗa wayoyi ba laifi ba ne.

Ku jona farantin da batiran tocila guda biyu, ku ba yaro ya riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni. Cikin ƴan daƙiƙu zai ce ɗaya yatsan na jin sanyi, ɗaya na jin ɗumi. Ku juya wayoyin, ya ji fuskokin sun yi musaya. Sannan ku bar shi a kan tebur yana aiki ba tare da ƙarfen shan zafi ba, ku tambayi aji me zai faru. Da yawa za su ce zai ƙara sanyi. Bayan ɗan lokaci su taɓa su ji duka fuskokin biyu sun yi ɗumi. Ku bar su su yi gardamar dalili kafin ku faɗa musu.

Daga nan ku cire batir ɗin gaba ɗaya. Ku ɗora farantin a kan gwangwanin da ke cike da ruwan randa, ku ɗora kofin shayi mai zafi a kansa, ku jona wayoyin da mitar auna bolt. Allura za ta motsa, ko lamba ta hau. Zafi ne ya zama kuran. Wannan shi ne abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821, shekara 13 kafin Peltier, kuma da wannan hanya kumbunan Voyager biyu da Amurka ta harba a 1977 suke samun wutarsu a can inda hasken rana ba ya isar da komai. In an samu ƙaramin moto irin na kayan wasan yara, ana iya ganin ya juya.

Abu ɗaya za a kiyaye. Kada a jona farantin da batirin bolt 12 sai an manna fuskarsa mai zafi da ƙarfe mai kauri, kuma malami ne zai riƙe wayoyin, ba yaro ba. Dalmar da aka haɗa dunƙulen masu araha da ita tana narkewa a digiri 138, kuma farantin da ba shi da inda zai zubar da zafinsa ba ya daɗewa kafin ya kai nan.